Ɗaure gidajenka na yanar gizo da juna: yaushe yake taimako, yaushe yake cutarwa a Google

Bayan kaka, ranar kasuwar Bakin Birji, ina zaune a bencin mai shayi sai ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa. Yaron ya yi karatun kwamfuta a Damagaram, kuma shi ya buɗe wa danginsu gidajen yanar gizo har uku: ɗaya na cinikin gero da wake, ɗaya na raguna da sauran bisashe, ɗaya kuma na motar da suke ɗaukar kaya da ita tsakanin Damagaram da Tanut da Agadas. Ya ce, "Kawu, wani ya ce in ƙara buɗe guda biyar in ɗaure su duka da juna, wai haka Google zai ɗora mu a sama. Wani kuma ya ce ko waɗannan ukun in na haɗa su hukunta ni za a yi. Maganar wa zan ɗauka?"

Na ja shafin farko da yatsa har ƙasa. A gindinsa akwai layi uku na shuɗin rubutu: "gero mai arha Damergou", "ragon layya mai arha Zinder", "motar kaya Tanout Agadez". Na buɗe shafi na biyu, su ne. Na buɗe shafin da ba komai a cikinsa sai lambar waya, nan ma su ne. Na ce masa, ɗana, duka biyun da suka ba ka shawara sun wuce gona da iri, amma na farkon ya fi haɗari.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalmomi. In na ce gida, ina nufin gidan yanar gizo gaba ɗayansa, mai adireshinsa na kansa, kamar wanda ya ƙare da .ne ko .com. In na ce shafi, ina nufin ɗaki guda a cikin wannan gida. Mahaɗi kuwa, wanda samari ke kira linki, shi ne rubutun da za ka latsa ya kai ka wani shafi.

Google ya ginu ne a kan mahaɗi. A 1998 Larry Page da Sergey Brin, suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka bayyana dabarar da ake kira PageRank. Kowane mahaɗi daga wani shafi zuwa naka ana lissafa shi kamar shaida ce aka ba ka, kuma shaidar shafin da shi ma mutane da yawa suka shaida ta fi nauyi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar bisashe ya san wannan lissafi. Baƙo ya zo da saniya, mai saye yana son wanda zai tsaya masa cewa ba ta sata ba ce. In dillalin da kowa ya sani shekara da shekaru ya ce ya san mutumin, ciniki ya faɗa. In kuwa masu ba da shaidar su ne ƙanen mai saniyar da ɗansa da yaron gidansa, ba wanda zai ce sun yi laifi, sai dai mai saye zai ji maganarsu a matsayin bakin mutum ɗaya. Haka gidajenka uku suke in sun shaidi juna. Lambar waya ɗaya ce a kansu, zubin shafukan ɗaya, masaukin da aka ajiye su ɗaya, hannun da ya rubuta su ɗaya. Ba sai an yi duba ba a gane na mutum ɗaya ne.

Saboda haka amsar a taƙaice ita ce: mahaɗi kaɗan tsakanin gidaje biyu ko uku na mutum ɗaya, inda mai karatu yake buƙatarsu, ba su cutarwa, kuma suna da amfani guda biyu na zahiri. Suna nuna wa Googlebot, wato na'urar da ke yawo tana tattara shafuka, hanyar zuwa sabon gidanka, kuma suna kai maka mutane. Amma kada ka sa rai su ne za su ɗaga ka sama da kowa. Cutarwa tana farawa ne lokacin da aka gina gidaje don mahaɗan kawai.

Google ya daɗe yana yaƙi da wannan. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona yadda aka baza dubban mahaɗai a gidajen da ba su da alaƙa da tufafi ko kayan ɗaki don a ɗaga kantin JC Penney, kuma kantin ya faɗo daga sahun farko zuwa can ƙasa. A Afrilun 2012 aka fito da tsarin Penguin, wanda aikinsa farautar mahaɗan bogi. A Satumban 2014 aka bi gungun gidajen da mutane ke buɗewa a ɓoye don su riƙa nuna babban gidansu, aka hukunta da yawa. Daga Satumban 2016 salon ya sauya: Penguin ya koma yana zubar da darajar mahaɗin bogi maimakon ya danne gidan gaba ɗaya, kuma a Disamban 2022 Google ya sanar cewa tsarinsa na SpamBrain yana gano irin waɗannan mahaɗai yana kashe amfaninsu. Ma'anar wannan ga ɗan ƙanwata a fili take. In ya buɗe gidaje biyar na banza, mafi sauƙin abin da zai same shi shi ne ya biya kuɗin adireshi da na masauki shekara bayan shekara a kan abin da ba a lissafawa. Mafi muni kuma, ma'aikacin Google ya duba da idonsa ya ɗora masa hukunci. Har yanzu dokokin kamfanin sun ambaci musayar mahaɗi da ta wuce kima a cikin abubuwan da aka hana, tare da buɗe adireshi da yawa masu sunayen garuruwa daban-daban waɗanda duk wuri ɗaya suke tura mutum. In ka buɗe gida na gero a Tanut, wani na gero a Belbeji, wani na gero a Gangara, rubutu ɗaya ka canja sunan gari kawai, to wannan dokar da kai take.

A 2013 an yi wa Matt Cutts, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen yaƙi da maguɗi a Google, tambaya irin wannan a kan mai gidaje ashirin. Abin da ya fara mayarwa shi ne tambayar dalilin da ya sa mutum zai mallaki ashirin tun farko. Ni ma daga nan nake so ka fara. Ɗauki takarda ka rubuta gidajenka, a gaban kowanne ka rubuta wanda kake so ya shigo. In mutanen ɗaya ne, gida ɗaya kake buƙata.

Da muka yi wannan lissafi da yaron, sai ga shi mai sayen gero buhu hamsin daga Agadas shi ne dai mai neman motar da za ta kai masa. Raba gero da mota gida biyu raba ciniki ɗaya ne. Kuma taura biyu ba ta taunuwa: gidan geron an sabunta farashinsa a makon, na motar kuwa rabonsa da sabon rubutu tun kafin damina. Duk wanda zai nuna su daga waje, ko ƙungiya ko gidan rediyo, zai nuna ɗaya ne ya bar sauran, ƙarfin ya rarrabu. Dubi manyan kafafen labarai masu sashen Hausa. BBC ta ajiye Hausarta a bbc.com/hausa, RFI a rfi.fr/ha, DW a dw.com/ha. Suna da kuɗin buɗe adireshi ɗari, amma suka ajiye sashen Hausa a matsayin ɗaki cikin babban gida, yana cin darajar gidan. Akwai masu yin akasin haka, kamar Muryar Amurka da ta ba Hausa adireshi na daban, amma wannan hanya ce ta mai ma'aikatan da za su ciyar da kowane gida kullum.

In ka yanke shawarar haɗewa, ga yadda ake yi ba tare da asara ba. Zaɓi gidan da ya fi daɗewa ko ya fi samun baƙi ya zama uwa. Kwashe rubutun sauran ka zuba a cikinsa, kowanne da sashensa. Sannan a kan kowane tsohon shafi ka sa turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, zuwa sabon shafin da ya yi daidai da shi. Nan mutane suka fi yin kuskure: sai su tura dukkan tsofaffin shafuka zuwa ƙofar gida. Wanda ya zo neman farashin ɗaukar kaya zuwa Tanut, a sauke shi a shafin farashin ɗaukar kaya, kada a bar shi a zaure yana dube-dube. Bayan haka ka shiga Search Console na Google, wanda kyauta ne, ka yi amfani da wurin sanar da canjin adireshi. Ka bar turawar tana aiki aƙalla shekara guda, kuma ka ci gaba da biyan kuɗin tsohon adireshin. Kuɗin shekara ba shi da yawa, asarar sakinsa kuwa tana da yawa, zan dawo kan wannan.

Maganar harshe ta shafe mu mu ƴan Nijar fiye da maƙwabtanmu. Mai saye daga Kano ko Maraɗi zai nema da Hausa, ma'aikacin ƙungiyar agaji a Yamai zai nema da Faransanci. Ba ka buƙatar gida biyu saboda wannan. Yi sashen /ha/ da sashen /fr/ a gida ɗaya, kowane shafi ya kasance da mahaɗi zuwa takwaransa na ɗaya harshen. Akwai alamar da ake sawa a cikin lambobin shafi mai suna hreflang, tana gaya wa Google cewa wannan na masu Hausa ne, wancan na masu Faransanci. Sharaɗinta shi ne kowane shafi ya ambaci ɗan'uwansa, in ɗaya ya ambata ɗaya ya yi shiru ba a ɗauka. Ko da ka riga ka raba harsunan gida biyu, haɗa su ta wannan hanya halal ne tsantsa, Google da kansa ya tanadi hanyar.

Saura gidajen da da gaske ba su haɗuwa. Gidan ragunan yaron irin wannan ne, domin da wani abokin kasuwanci suke tarayya a kansa, kuma masu shigarsa daban ne, galibi gab da babbar salla. Irin wannan a bar shi da adireshinsa, a gyara yadda ake nuna shi.

Abu na farko, mahaɗin ya zauna a cikin magana, inda mutum zai so shi. A shafin da ake bayanin dusa da kowar wake, in ka ce masu kiwon raguna su duba wurin da muke sayar da namu, ka sa mahaɗi a nan, ya zauna daram. Gwajin da nake yi kullum shi ne: da a ce babu Google a duniya, zan sa wannan mahaɗin? In amsar e ce, sa shi, kada ka ji tsoro.

Na biyu, rubutun da ake latsawa ya zama sunan wurin ko bayani na gaskiya. "Ragon layya mai arha Zinder" da aka maimaita sau ɗari da kalmomi iri ɗaya alama ce ta mai son yaudarar injin bincike, kuma irin abin da Penguin ya fara kamawa ke nan. Mutane in suna nuna wuri don kansu ba su yin baki ɗaya haka, wani zai rubuta sunan shagon, wani ya ce duba nan.

Na uku shi ne gindin shafi. Mahaɗi ɗaya a gindi mai ɗauke da sunan ɗaya kasuwancin naku ba abin tashin hankali ba ne, manyan kamfanoni suna yi. Amma jerin kalmomin talla a gindin kowane shafi ya kamata a share. Abin da na fi so shi ne shafi guda mai suna "Sauran ayyukanmu", a rubuta kowane gida da layi biyu na bayaninsa, a faɗa a fili cewa namu ne. Ɓoye mallaka shi ne ɗabi'ar masu maguɗi, kai kuwa ba abin da kake ɓoyewa.

In zuciyarka ba ta kwanta da wani mahaɗi ba, akwai mafita tun 2005: alamar nofollow, wadda ke cewa ga hanya ga mai son bi, amma ban ba da shaida ba. Mutum zai latsa ya wuce kamar kullum. A Satumban 2019 aka ƙara alamar sponsored don mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa. In wani mai sayar da taki ko maganin dabbobi ya ba ka ƴan jikkuna don ka nuna gidansa, wannan alamar ce haƙƙinsa. Amma kada ka bi dukkan mahaɗan da ke tsakanin gidajenka kana liƙa musu nofollow saboda tsoro, na cikin magana masu dalili a bar su yadda suke.

Wani abu da ke tafiya tare da yawan gidaje shi ne kwafe rubutu. Ka rubuta bayani mai kyau a kan yadda ake adana wake kada ƙwari su ci, sai ka manna shi a gidaje uku. Google zai zaɓi ɗaya ya nuna, kuma ba lalle ya zaɓi wanda kake so ba. Ajiye shi wuri ɗaya, sauran su nuna shi da mahaɗi. In dole sai ya fito a wuri biyu, sa alamar canonical a kan kwafin tana nuna na asali.

Yanzu ga haɗarin da na fi ganin yana cin mutanenmu, kuma ba daga hukuncin Google yake zuwa ba. Gidan da aka yi watsi da shi kamar kango ne. In an gina shi da manhajar WordPress aka daina sabunta shi, ɓarayin intanet suna shiga su cika shi da tallar caca da magungunan bogi. In kuma kuɗin adireshi ya ƙare ba a biya ba, wani zai saye shi ya zuba abin da ya ga dama. Kai kuwa gidanka mai kyau yana nan yana nuna wannan kango daga kowane shafi. Ka yi tunanin dattijon da ya shigo duba farashin gero ya latsa mahaɗinka ya faɗa shafin batsa. Sunan gidanku ne ya zube, kuma a gari irin namu wannan ya fi faɗuwa a Google ciwo. Duk wata uku ka bi mahaɗanka ɗaya bayan ɗaya ka latsa da hannunka. A Search Console kuma ka duba wurare uku, waɗanda in wayarka da Faransanci take za ka gan su da sunan Liens, Actions manuelles da Problèmes de sécurité. Na farko yana nuna masu nuna ka, na biyu yana gaya maka in an hukunta ka, na uku in an yi maka kutse.

Ƙarfin da mutane ke nema a tsakanin gidaje, yana nan kwance a cikin gida ɗaya ba su taɓa shi ba. Mahaɗi daga shafinka zuwa wani shafinka na gida ɗaya ba wanda zai tuhume ka a kansa, kuma da shi Google ke gane shafin da ka fi ba muhimmanci. A gidan geron yaron mun sami shafi mafi amfani, wanda yake rubuta farashin tiya duk mako, ba mahaɗi ko ɗaya da ke kai wa gare shi daga ƙofar gida. Sai wanda aka tura wa adireshin ta WhatsApp ne ke ganinsa. Gyaran wannan bai ɗauki minti goma ba.

Akwai kuma wata dama da mu mutanen Damargu muke da ita wadda mai shago a Paris ko Legas ba shi da ita. Filin babu cunkoso. Abin da duniya ta fi sanin ƙaramar hukumarmu ta Ollelewa da shi shi ne matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Rubutu da Hausa a kan kasuwanninmu, da farashin hatsi, da halin hanyar Damagaram zuwa Agadas, da lokacin da bisashe ke araha, kaɗan ne ƙwarai. Inda masu takara ba su da yawa, shafi ɗaya mai bayani na gaskiya da ake sabuntawa yana iya fitowa ba tare da tarin mahaɗai ba. Sai dai ka kula da rubutun sunaye, domin mutane suna nema ta hanyoyi daban-daban: Tanout da Tanut, Zinder da Damagaram, Belbédji da Belbeji, Damergou da Damargu. Ka bar duka biyun su fito a cikin maganarka ba tare da cusawa ba. Kuma ka rage nauyin hotuna, saboda da waya ake shiga, inda layin ke zuwa yana ɗaukewa, kuma Google ma fasalin waya na shafinka yake dubawa.

Shaidar da ke da nauyi daga waje take zuwa, kuma ana samunta ne yadda ake samun amana a kasuwa. In farashin da kake rubutawa daidai ne mako bayan mako, wata rana ƙungiyar manoma, ko ɗan jarida, ko ɗalibin jami'a a Damagaram mai bincike a kan kasuwar hatsi zai nuna ka. Kai ma kada ka yi rowar nuna wasu. In ka ɗauko bayanin noma daga RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta Nijar, ko alƙaluman farashi daga SIMA, mai bin farashin kasuwannin amfanin gona, sa mahaɗi zuwa gare su, mai karatu ya ga inda ka samo. Mahaɗi ɗaya daga irin waɗannan wurare, in ka same shi, ya fi ɗari da ka ƙulla wa kanka.

Kafin la'asar ranar, ɗan ƙanwata ya share layukan nan uku daga gindin shafukansa. A makon da ya biyo ya mayar da gidan motar sashe a cikin gidan gero, ya bar na raguna da mahaɗai biyu kacal, kuɗin gidaje biyar ɗin da ya yi niyyar buɗewa kuma ya saya wa kansa lokacin intanet da su don rubuta farashi duk ranar kasuwa. Kai ma mai karatu, in kana da gida fiye da ɗaya, ɗauko takardar nan yau ka rubuta wanda kake jira a kowanne, kafin ka sa mahaɗi ko ɗaya.